"Ya share ni" da Turanci: wace kalma ce ta dace?

Wani ɗan'uwa ya tambaya, ya ce a wajen taron ofishinsu ya miƙa wa abokin aikinsa hannu a gaban jama'a, mutumin ya kalle shi ya ɗauke kai ya wuce abinsa, tun daga ranar kuma ya daina amsa masa saƙo. Yana so ya rubuta wa ogansu koke da Turanci, ya rubuta "he snobbed me" sai wani ya ce masa ba daidai ba ne. To wai mene ne daidai, kuma waɗanne kalmomi Turawa ke da su in an share mutum da gangan?

To ɗan'uwa, wanda ya gyara maka ɗin nan ya yi maka gata gaskiya, dan kuskure ne da ya zama ruwan dare a Turancinmu na Najeriya, ni da na daɗe ina koyar da Turanci ina kuma fassarar labarai har a rubutun manyan mutane nake cin karo da shi. Kalmomi biyu ne daban aka cakuɗa. Snob suna ne, mutum ne mai ji da kai wanda yake yi wa na ƙasa da shi kallon hadarin kaji saboda kuɗi ko boko ko asali, kuma abin mamaki a shekarun 1700 ma'anar kalmar ba ta wuce mai gyaran takalmi ba, daga baya ne ta juya. Snub kuma shi ne aikin, shi ne abin da aka yi maka, saboda haka "he snubbed me" za ka ce, da u da b biyu. Abin da ya jawo ruɗanin lafazi ne. Wasalin da ke cikin snub a bakin Bature ya fi kusa da "a" ɗinmu gajere, kamar ka ce sinab, amma a Turancin kudu wanda shi ne ya cika rediyo da finafinai ana mayar da shi "o", sai snub da snob su fita iri ɗaya kamar yadda luck da lock ke fita, mutum kuma ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Mu Hausawa ma a nan bakinmu ya fi kusa da daidai in ba mun kwaikwayi wasu ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su kuma nasu dalilin daban, dan a Faransanci akwai aikatau snober, ana cewa "il m'a snobé" kuma daidai ne, sai mutum ya kwaso shi ya kawo Turanci inda bai zauna ba.

Amma ni abin da nake so ka riƙe ya wuce gyaran harafi ɗaya. Kowace kalma a cikin waɗannan tana ɗauke da zargi, wata mai sauƙi wata mai nauyi, kuma in ka zaɓi kalma to ka riga ka yanke hukunci a kan niyyar mutum da yawan waɗanda suka yi da kuma tsawon lokacin. Mu ma haka muke a Hausa ai. Ya share ni daban, ya basar daban, ya gwale ni daban, ya yi biris da ni daban, yana gaba da ni daban, sun mayar da ni saniyar ware kuma wannan wata duniya ce. Babu Bahaushen da zai ce matarsa ta mayar da shi saniyar ware dan kawai ya yi sallama ba ta amsa ba. To amma da mun shiga Turanci sai mu kama ignore mu yi ta jibga masa kaya, ko kuma mu ɗauko wata ƙatuwar kalma daga ƙamus wadda ta fi ƙarfin abin da ya faru.

Mu fara da snub ɗin tunda shi ne naka. Asalinsa daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ne, snubba, ma'ana tsawatarwa ko katse mutum, kusan gwasalewa kenan. A yau in aka ce snub ana nufin mutum yana da haƙƙin a kula shi, a gaishe shi ko a gayyace shi ko a ambaci sunansa, sai aka hana shi da gangan dan a nuna masa bai kai ba, kuma yawanci akwai idon mutane. In kana kallon ƙwallon Ingila ka san misalin da ya fi kowanne fitowa fili. Fabrairun 2012, Manchester United da Liverpool a Old Trafford, 'yan wasa sun jeru ana gaisawa kafin a take, Luis Suarez wanda bai daɗe da gama dakatarwar wasa 8 ba saboda kalaman wariyar launin fata da aka same shi da yi wa Patrice Evra, ya zo daidai Evra, Evra ya miƙo hannu, Suarez ya wuce ya nufi mai tsaron gida. Evra har kamo hannunsa ya yi, shi kuma ya fizge. Washegari sai da Suarez ya ba da haƙuri. Wannan shi ne snub tsantsa, akwai hannu a miƙe, akwai wanda ya gani ya ƙi, akwai kuma duniya tana kallo. Ka ga kenan abin da aka yi maka a wajen taron nan sunansa kenan, ba ka yi ƙari ba.

'Yan jarida na son kalmar nan ba kaɗan ba saboda gajeriya ce tana shiga kanun labari, shi ya sa za ka ga an ce an yi wa ɗan wasa snub in koci bai kira shi tawagar ƙasa ba, ko an yi wa jarumi snub in bai samu shiga takarar Oscar ba, ko gwamna ya yi wa shugaban jam'iyya snub dan bai je tarbarsa filin jirgi ba. Ni a ɗakin labarai kullum ina jan kunnen yara a kan wannan, dan sau da yawa ɗan jaridar bai san zuciyar mutumin ba, wataƙila kocin ya ga wani ya fi dacewa ne kawai, amma da ka sa snub ka riga ka ce wulaƙanci aka nufa. Akwai ma inda al'ada ke shigowa. Malami ko Hajiya da ba sa musabaha da wanda ba jinsinsu ba, in suka dafa ƙirji suka ɗan rusuna ba shariya suka yi ba, sun gaisa ne ta hanyarsu, amma Baturen da bai san haka ba tsaf zai rubuta snub.

Ignore kuwa kalma ce mai faɗi kuma mara zafi. Kana iya ignore ɗin mutum, ko saƙo, ko shawarar likita, ko ƙarar janareto. Ita dai cewa take ka san da abin ka ƙi mayar da hankali, ba ta faɗin dalili, ba ta cewa wulaƙanci ne. Uwa ma tana iya ce wa ɗanta "just ignore him", wato rabu da shi, ƙyale shi, ka ga a nan ma shawarar kirki ce. Asalinta Latin ne kuma da ma'anarta rashin sani ce, dangin ignorant kenan, sai wajen farkon shekarun 1800 ta koma ma'anar da muka sani yanzu. Faransanci ya riƙe tsohuwar ma'anar har gobe, in mutumin Yamai ya ce "j'ignore" ban sani ba yake nufi, saboda haka mai zuwa daga Faransanci ya yi hattara kar ya ce "I ignore his name" yana nufin bai san sunan ba, Bature zai ji kamar ya sani ne ya yi watsi. In kana so ka ƙara mata gishiri sai ka ce "he deliberately ignored me" ko "he pointedly ignored me", ta biyun tana nufin ya yi ne yadda zan gane da ni yake.

Na haɗuwa ido da ido Turawan Ingila suna da nasu masu daɗi. Blank, kamar "she blanked me", ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba, wannan maganar titi ce ta yau da kullum a Birtaniya, Ba'amurke bai cika amfani da ita haka ba. Sai "he looked straight through me", wato ko kallo ban ishe shi ba, idonsa na kaina amma kamar babu kowa a wurin. Sai tsohuwar cikinsu, "he cut me dead". Wannan tana da tarihi, dan a Landan ta farkon shekarun 1800 tsakanin masu hannu da shuni yankan mutum, wato cut, makami ne da kowa ya san dokarsa, ka kalli wanda ka sani cikin ido ya gaishe ka ka ƙi amsawa, shi kenan ka sanar da gari cewa ba kai ba shi. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na Beau Brummell, wani ɗan gayu da duk Landan ke kwaikwayon shigarsa, abokin Yarima mai riƙon sarauta wanda daga baya ya zama Sarki George na 4. Sun ɓata, sai a wani biki a 1813 Yarima ya iso ya gaisa da Lord Alvanley da ke tsaye kusa da shi, ya kalli Brummell ya ƙi ce masa uffan. Brummell ya juya wajen Alvanley ya ɗaga murya ya tambaye shi wai wane ne wannan abokin naka mai ƙiba. Ramuwar ta shiga tarihi amma ba ta yi masa rana ba, a 1816 bashi ya kore shi zuwa Faransa kuma can ya mutu cikin talauci. Yau in ka ce cut me dead za a gane, sai dai tana da ƙamshin tsofaffi da littattafai.

Cold shoulder ita mutane da yawa ke ɗauka daidai take da snub, alhali akwai bambanci. Snub sau ɗaya ne, abu ne da ya faru a lokaci kaza. Cold shoulder yanayi ne da ke ɗaukar kwanaki, mutumin da kuka saba wasa da dariya sai ya daina sakin fuska, ka gaishe shi ya amsa ciki-ciki, yana shan ƙamshi, in ka shigo ya ba ka baya ya ci gaba da hira da wani. Yana iya yi maka magana fa, sanyin ne ake nufi. Ana cewa "she gave me the cold shoulder" ko "I got the cold shoulder", kar ka yar da "the" ɗin nan kuma kar ka ce shoulders. An fara ganinta a buge a 1816 cikin wani littafin marubucin Sikotilan Walter Scott. Za ka ci karo da labari a intanet wai asalinta baƙon da ya gundiri masu gida ne ake ba shi sanyayyen naman kafaɗar rago dan ya gane ya tafi, wannan ƙanzon kurege ne babu hujjar da ta tsaya masa, ma'anar a fili take, juya wa mutum kafaɗa ne.

Sai mu zo kan gaba, inda nan ne Turancin Najeriya yake da tasa, "keeping malice". Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san ta, amma in ka faɗa wa mutumin Landan ko Amurka zai tsaya yana kallonka, dan malice a wajensu mugun nufi ne, ba daina magana ba. In ku biyun ne ba kwa magana sai a ce "we are not on speaking terms". In kuma mutum ɗaya ne ya ɗauke wuta dan ya horar da ɗayan, kamar miji ya kwana uku yana shiga yana fita yana cin abinci bai ce wa matar ci kanki ba, wannan shi ne "the silent treatment", ana cewa give someone the silent treatment. Kalmar treatment ɗin nan ita ke nuna an shirya abin ne kamar horo. Kusa da ita akwai stonewall, wannan ana magana da mutum ana tambayarsa ya zama bango, ba eh ba a'a, ana amfani da ita ga jami'in da 'yan majalisa ke yi wa tambayoyi yana ta kwana-kwana, ana kuma amfani da ita a zaman aure. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata, ya sa stonewalling cikin ɗabi'u huɗu da suka fi nuna aure na hanyar mutuwa. Ni kam ban yi mamaki ba, dan faɗa ma ya fi gaba sauƙi, mai faɗa da kai aƙalla ya yarda kana nan. Kuma ba banza ba addini ya sa iyakar kwana uku ga ƙaurace wa ɗan'uwa.

Duk waɗannan na mutum ɗaya ne. In jama'a ce ta haɗa kai to kalmomin sun canza, kuma nan ne masu nauyin suke. Ostracise daga Girka ta zo. A birnin Atina wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sau ɗaya a shekara mutanen gari na iya taruwa kowa ya rubuta sunan wanda yake ganin ya zama barazana a jikin tsingaro, fasasshiyar tukunya kenan wadda suke kira ostrakon, wanda sunansa ya fi yawa sai a ba shi kwana 10 ya tattara ya bar gari na shekara 10, ba a taɓa dukiyarsa kuma ba sai an tabbatar ya yi laifi ba. Yau ma'anarta mayar da mutum saniyar ware, dangi ko unguwa ko ma'aikata su ja jiki daga gare shi. Shun ita ma haka, sai dai ta fi zuwa da ƙyama ko hukuncin addini, kamar yadda 'yan ɗariƙar Amish a Amurka ke yi wa wanda ya karya alkawarin cocinsu, har cin abinci a tebur ɗaya a daina da shi. Blackball kuma daga kulob ɗin manya ta fito, inda ake jefa ƙwallo fari ko baƙi a akwati a asirce in wani na neman shiga, baƙi na nufin ba mu so. Freeze out da sideline su ne na ofis da siyasa, ana mitin ba a kiranka, ana tura imel ba a sa sunanka, kujerarka na nan amma an zare ka daga komai.

Akwai wata da ke ba ɗalibai wahala, "send someone to Coventry". Coventry birni ne a tsakiyar Ingila kusa da Birmingham, kuma ba tura mutum can ake yi ba. Ma'anarta duk jama'ar wuri su yi yarjejeniya babu mai yi wa mutum magana, yana cikinsu amma kamar ba ya nan. Bayanin da aka fi kawowa shi ne lokacin yaƙin basasar Ingila a shekarun 1640 ana kai fursunonin da ke goyon bayan sarki Coventry, garin da ke bayan majalisa, mutanen gari su ƙi kula su. Daga baya ma'aikatan masana'antu suka riƙa yi wa wanda ya karya yajin aiki, 'yan makarantar kwana kuma su yi wa mai kai tsegumi. In kana so ka ji nauyin irin wannan hali ka tuna ƙissar Ka'abu bin Malik (RA) da abokansa biyu bayan yaƙin Tabuka, dare 50 babu mai yi musu magana a Madina, har ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada wanda ya fi so a cikin mutane ya yi masa sallama bai amsa ba. Ita kalmar Coventry ɗin ta Birtaniya ce zalla kuma tana tsufa, ka san ta dan karatu da jarrabawa amma kar ka kai ta Amurka.

Boycott kowa ya san ta saboda zaɓe da kayan kamfanoni, amma ba kowa ya san sunan mutum ba ne, kuma asalinta shariya ce aka yi wa mutum guda. Kyaftin Charles Boycott wakilin wani mai filaye ne, Lord Erne, a yankin Mayo na ƙasar Ireland. A 1880 damina ba ta yi kyau ba, manoma 'yan haya suka nemi a rage musu kuɗin haya yadda za su iya, aka ƙi, aka fara shirin korarsu. Maimakon su ɗauki makami sai gari ya juya masa baya, 'yan ƙwadagonsa suka watse, masu shago suka daina sayar masa da kaya, mai kawo wasiƙa ya daina zuwa. Sai da aka kawo 'yan sa kai wajen 50 daga arewa suka yi masa girbi, sojoji da 'yan sanda kusan 1000 na gadinsu, kuɗin gadin ya ninka kuɗin amfanin gonar, kafin shekarar ta ƙare ya bar ƙasar. Yau dai ba a cika cewa an yi boycott ɗin aboki ba, ta koma ta taro da kasuwanci da siyasa, saboda haka "my colleague boycotted me" ba ta zauna ba.

Ɓangare na biyu na tambayarka, wato saƙonnin da ya daina amsawa, shi ne inda sababbin kalmomi suka yi yawa. Tun da WhatsApp ya kawo shuɗin maki biyu a Nuwamban 2014 shariya ta samu shaida, dan kana gani ya buɗe ya karanta ya yi gum. Wannan shi ne "he left me on read", kuma read ɗin nan ana furta shi red ne dan shuɗaɗɗen lokaci ne. Samarin Landan suna cewa "he aired me", yaranmu ma sun ɗauka a soshiyal midiya. Ghost ta fi su nauyi, ita ce mutum ya ɓace ɓat ba sallama ba bayani, ba kira ba saƙo, yawanci a soyayya, amma yanzu har kamfani in ya yi maka intabiyu ya yi shiru ana cewa ya yi ghosting ɗinka, ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da wannan ma'ana a 2017. To kai naka ba ghosting ba ne tunda kullum kana ganin mutumin a ofis. Akwai kuma phubbing, haɗin phone da snubbing, kana yi wa mutum magana shi kuma kansa na kan waya yana latse-latse yana ce maka ina ji, wani kamfanin talla ne ya ƙirƙire ta a Ostireliya a 2012 dan tallata ƙamus ɗin Macquarie, kuma gaskiya a jarida aka fi ganinta, ba a bakin mutane ba.

Sauran ƙananan a gurguje. Brush off shi ne ka zo da magana a sallame ka da sauri kamar ba ta da muhimmanci. Fob off a sallame ka da uzurin ƙarya, irin je ka dawo gobe. Stand up, kamar "she stood me up", an yi alkawarin haɗuwa ka je ka yi ta zaman jira ba a zo ba, wato an shanya ka, Amurkawa kuma kan ce "he blew me off". Rebuff ka kai tayi ko neman sulhu a gwale ka kai tsaye, ita ce ta rubutu da labarai. Spurn tana da raini a ciki, asalinta ma shuri da ƙafa ne, an fi jinta a maganar soyayya. Slight kuma ɗan ƙaramin raini ne wanda wani ma ba zai lura ba, kamar a jero sunayen manyan baƙi a tsallake naka.

Ka kula da waɗanda suke kama da shariya amma ba ita ba ce, dan nan ma ana zamewa. Overlook yawanci ba da gangan ba ne, ido ne ya tsallake. Neglect sakaci ne da wanda kulawarsa ke wuyanka, yara ko iyaye ko mara lafiya. Avoid gudun haɗuwa ne, mai bin ka bashi ka hango shi ka canza layi. "Turn a blind eye" kau da kai ne daga laifi, ba daga mutum ba. Sannan akwai abin da mu ke da shi Turanci ba shi da kalmarsa, alkunya. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta sakar masa fuska a gaban mutane, ko surukin da ke kauce wa haɗa ido da surukarsa, in ka fassara wannan da ignore ko cold shoulder ka zalunce su, ka mayar da girmamawa wulaƙanci. Irin wannan sai dai ka yi bayani da jimla guda, kar ka nemi kalma ɗaya.

Yanzu batun takardarka. Shawarata, duk da snubbed daidai ne, kar ka sa shi a gaba. Na san abin da ciwo, a miƙa hannu a gaban mutane a bar ka da shi a tsaye ba ƙaramin abu ba ne kuma duk wanda ya ce maka ka cika ƙorafi bai taɓa ɗanɗanawa ba. Amma oga in ya karanta "he snubbed me" abin da zai fara zuwa ransa shi ne wannan fassararka ce, shi kuma wancan da an kira shi zai ce wallahi ban gan shi ba, magana ta mutu. Ka rubuta abin da ido ya gani. Ka ce "At the meeting on Monday I offered my hand and he walked past without acknowledging me, in front of other staff." Acknowledge ɗin nan ita ce kalmar ofis, nuna cewa ka ga mutum ko ka samu saƙonsa. Sai ka biyo da "He has not responded to my messages since then", ka jero ranakun da ka tura da aikin da ya tsaya saboda rashin amsar, dan abin da ya shafi aiki shi oga zai iya kamawa ya yi hukunci a kai. In ya zama har mitin ake yi ba a sanar da kai to a nan ne za ka ce "I have been excluded from meetings", ita ta fi freeze out dacewa da takarda. Ostracised kuma kar ka taɓa ta sai in da gaske sashen ne gaba ɗaya ya juya maka baya, in mutum ɗaya ne ka sa ta za a ga ka zuzuta, sauran gaskiyar taka ma ta yi rauni.

Blanked me, aired me, left me on read, waɗannan ka bar su na hira da abokai ne. Kuma kafin ka miƙa takardar, in da hali ka samu mutumin shi kaɗai ko ka tura wani babba da yake jin nauyinsa, dan wani lokacin wata magana ce aka kai masa a kanka wadda ba ka ma san da ita ba. In kana so ka buɗe zancen da Turanci ba tare da ka zarge shi ba, ce masa "I may be wrong, but I feel you've been distant lately. Have I done something?" Distant ba ta da kaifi, tana ba shi ƙofar da zai yi magana ba tare da ya fara kare kansa ba. In ya sake basarwa to sai ka ƙara ranar a cikin takardar ka miƙa.